Farasitamol da Hantarmu: Darajar Awa Takwas

 

Da wuya a buɗe jakar malami a cikin birnin nan, daga Ƙofar Mata zuwa Gwale, a rasa farasitamol. Da shi muke kwantar da ciwon kai bayan tsayuwar aji, shi muke ba 'ya'yanmu idan zazzaɓi ya taso. Magani ne nagari, amma yana da iyaka. Babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, ba da ƙiyasi ba.

Sau da yawa ba da gangan muke wuce iyakar ba. Mutum ya sha Panadol, ya bi da Procold ko Mixagrip saboda mura, sannan ya karɓi haɗi a kemis, bai san duk farasitamol ɗin yake maimaitawa ba.

Hanta ce ke sarrafa maganin. A wajen aikin, wani ɗan kaso nasa kan rikiɗe ya zama guba, sai hanta ta kashe ta da sinadarin gulutatayon da take ajiyewa. Idan maganin ya yi yawa, ajiyar ta ƙare, gubar ta shiga cin hantar kanta. Abin tsoro shi ne a ranar farko mutum na iya tashi garau, ko ya ɗan yi amai kawai. Sai kwana na biyu zuwa na huɗu ciwo zai kama gefen dama na ciki, ido ya yi ɗorawa irin na shawara, hankali ya fara gushewa. A lokacin ɓarna ta yi nisa.

Alhamdu lillahi, gubar tana da makari, sunansa asetilsistin. Likitoci a Edinbara ta ƙasar Sukotilan, ƙarƙashin Laurie Prescott, suka tabbatar da amfaninsa ta jijiya a shekarun 1970. Yana taimaka wa hanta ta sake tara gulutatayon. Idan an fara shi cikin awa 8 da shan maganin, kusan kullum hanta na tsira. Bayan haka ƙarfinsa na raguwa, amma har yanzu ana bayarwa, don haka kada jinkiri ya sa mu fid da rai.

Saboda haka, idan ɗa ko ɗalibi ya sha fiye da kima, kada mu jira alama. Kada mu ɗura masa manja ko madara, kada mu tilasta masa amai. Mu ɗauki kwalin maganin, mu riƙe lokacin da ya sha, domin da shi likita zai fassara gwajin jini. Mu nufi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, yara kuwa ga Asibitin Hasiya Bayero a kusa da mu.

In kuwa da gangan ya sha saboda ƙuncin zuciya, wannan ba ranar faɗa ba ce, ba kuma ranar rufa asiri ba. A ceci rai tukuna, sannan a zauna a saurare shi, a nema masa taimakon likita.

Tun ran gini, tun ran zane. Mu ɗaga magunguna daga inda hannun yara ke kaiwa, mu riƙa karanta kwali kafin mu sha. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu.