AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wane Karatu Ake Yi Kafin a Shiga Makarantar Lauyoyi?

Wannan filin amsa wasiƙunku ne daga nan birnin Sakkwato. Yau wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, domin duk kan magana ɗaya suke, watau karatun lauya.

Ta farko ta fito ne daga wani manomin albasa a ƙasar Wurno. Bayan gaisuwa, ga abin da ya ce: "Ɗana ya gama sakandare bara, kuma ba shi da buri sai na zama lauya, tun lokacin da ya ga irin wahalar da muka sha kan shari'ar wata fadamarmu. Na haɗu da wani mutum a kasuwa, ya ce in na ba shi kuɗi zai samo wa yaron gurbi a makarantar lauyoyi ta Bagauda, shekara ɗaya tak ya fito lauya. Ina da shanun huɗa guda biyu, na yi niyyar sayarwa. Ku ba ni shawara."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma Allah Ya sa ka yi tambaya kafin ka kai shanun nan kara. Amsa a taƙaice ita ce kada ka sayar. Gaskiya ne akwai makarantar horar da lauyoyi a Bagauda ta Jihar Kano, gaskiya ne kuma karatunta kamar shekara guda ne. Abin da mutumin bai faɗa maka ba shi ne, ba a shigarta da takardar sakandare. Babu mai shiga sai wanda ya riga ya yi digirin lauya a jami'a. Ita ce matakin ƙarshe, kamar yadda girbi yake zuwa bayan shuka da noma da maimai.

Bari mu ɗan koma baya don a ga mafarin abin. A zamanin Turawa, duk mai son zama lauya sai ya tafi Ingila. Can Sapara Williams, lauya na farko ɗan Nijeriya, ya sami shaidarsa a 1879. Can kuma Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, lauya na farko daga Jihar Arewa, ya sami tasa a 1955, sa'an nan Muhammadu Bello na Katsina a 1956, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Matsalar ita ce, mutum zai dawo ya san dokar Ingila sarai, amma bai karanta dokokin ƙasarsa ba. Saboda haka a 1959 Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature, Unsworth, ya duba al'amarin. Shawarar kwamitin ce ta haifar da dokar 1962, wadda ta kafa Majalisar Kula da Ilmin Lauya da kuma Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. An buɗe makarantar a Legas a watan Janairu na 1963 da ɗalibai takwas kacal. A 1997 aka mayar da hedkwatarta Bwari ta Abuja. Yanzu tana da rassa a Legas, Enugu, Bagauda, Yola, Yenagoa da Fatakwal.

To yanzu ga hanyar da ɗanka zai bi, daki-daki.

Mataki na farko, takardar sakandare. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma tilas Turanci yana ciki. Akasarin jami'o'i suna neman kiredit a adabin Turanci, wanda yara ke kira Litireca. Lissafi ma kada yaro ya yi wasa da shi, don jami'o'i da yawa sun saba nemansa. Saboda haka Malam, yau ɗin nan ka sa yaron ya ɗauko takardar sakamakonsa, ku kai wa wani malamin makaranta da ka amince da shi ya duba. In akwai darasin da ya faɗi, ya sake zama jarrabawar. Kuɗin wannan bai kai kuɗin sa guda ba.

Mataki na biyu, jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ake rubutawa. Mai neman lauya yakan ɗauki Turanci da adabin Turanci, ya ƙara biyu daga irin su Tarihi, Gwamnati, Addinin Musulunci ko Larabci. Kowace jami'a da nata sharaɗin, kuma duk yana rubuce cikin kundin da JAMB ke fitarwa, sai a karanta kafin a cika fom. A sani kuma, masu neman lauya suna da yawa, gurabe kaɗan ne, don haka ana bukatar maki mai tsoka.

Mataki na uku, jami'a. Shekara biyar ake yi kafin a sami digirin lauya, wanda ake kira LL.B. Kuma ba sai an je nesa ba. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan kusa da mu, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sauya mata suna a 1988. Tsangayarta ta lauya tana haɗa wa ɗalibi dokokin ƙasa irin waɗanda aka gada daga Ingila da kuma shari'ar Musulunci. A nan Aminu Waziri Tambuwal ya gama digirinsa a 1991, ya zama lauya a 1992, daga baya ya yi Kakakin Majalisar Wakilai, ya kuma yi Gwamnan Jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Akwai kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Bayero a Kano.

Mataki na huɗu, sai ita makarantar horar da lauyoyin. Jami'a ce ke tura sunayen waɗanda suka gama, ba wani dillali ba. A jami'a an koyi mece ce doka, a nan kuwa aikin ake koya: yadda ake shigar da ƙara, yadda ake kare wanda ake tuhuma, yadda ake rubuta takardar cinikin fili ko gida, yadda ake yi wa kamfani rajista, da kuma ladubban sana'ar. Ana tura ɗalibi kotu ya zauna ya ga yadda ake shari'a, a kuma tura shi ofishin wani lauya ya yi aiki a ƙarƙashinsa. In ya ci jarrabawar ƙarshe, aka kuma tabbatar da halinsa na kirki ne, sai majalisar dattawan lauyoyi ta kira shi, ya sa baƙar riga da farar hular nan, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Ranar nan ce ya zama lauya. Kafin wannan rana, ko da digirin a hannunsa, in ya tsaya a kotu da sunan lauya ya yi laifi a doka.

Ke nan Malam, in an lissafa, shekara shida ce bayan sakandare, ban da shekarar bautar ƙasa, ban da kuma abin da yajin aiki kan ci. Hidima ce mai tsawo, kuma shanun nan su ne za su riƙa nomo abin da za a yi ta da shi shekara bayan shekara. Tun 2024 kuma akwai asusun Gwamnatin Tarayya mai suna NELFUND da ke bai wa ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa, in yaro ya sami shiga yana iya nema. Shi kuwa mutumin kasuwa, ka ce masa ka gode.

Wani gargaɗi kuma, wanda ya shafi kowa. Ba kowace jami'a mai koyar da lauya ce ake karɓar ɗalibanta a makarantar horar da lauyoyi ba. Sai wadda Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Kula da Ilmin Lauya suka amince da ita, kuma kowace an yanka mata adadin ɗaliban da za ta tura a shekara. In jami'a ta kwashi fiye da ƙima, yaran ne ke shan wuya, su gama digiri su zauna gida suna jiran layi. A 2015 Majalisar ta fito ta ce ba ta amince da digirin lauya na jami'ar karatu daga gida ba, watau NOUN, ɗalibai masu yawa suka yi shekaru suna jira kafin a shirya musu wani kwas na musamman. A Janairun 2025 ma JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas na zangon waccan shekara. Don haka kafin ka biya ko kwabo, musamman a jami'ar kuɗi, ka tambaya: an amince da sashen lauyanku? Mutum nawa aka yanka muku? Mai tambaya ba ya ɓata.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Illela. Ya ce sun yi gardama da ƙanensa da ke zaune a Amurka. Ƙanen ya ce ba a fara karatun lauya sai an yi wani digirin tukuna, shi kuwa ya ga yaran unguwarsu suna shiga daga sakandare. Wa ke da gaskiya?

To Alhaji, ku duka biyu kuna da gaskiya, kowa ƙasar da yake ciki ya faɗa. A Amurka sai mutum ya yi digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, ko tarihi ne ko aikin gona, sa'an nan ya shiga makarantar lauya ya yi shekara uku, ya zauna jarrabawar jihar da zai yi aiki. Mu a nan tsarin Ingila muka biyo, inda ake fara karatun lauya tun daga digirin farko. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, a Amurka kowane digiri yana buɗe ƙofar makarantar lauya, a Nijeriya kuwa sai digirin lauya kansa. Wanda ya yi digirin tarihi a nan, in yana son lauya, sai ya koma jami'a a sa shi aji biyu, ya yi shekara huɗu. Wanda kuma ya karanto lauya a waje, kamar Ingila, in ya dawo sai ya fara yin wani kwas na share fage a makarantar horar da lauyoyi, ya koyi dokokin Nijeriya, kafin ya shiga aji ɗaya da sauran.

Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Bodinga. Ta ce babban ɗanta ya yi difloma a fannin shari'a, mutanen gari har sun fara kiransa Barista. Shin ya zama lauya ke nan? Tana kuma da 'ya a aji uku na ƙaramar sakandare mai sha'awar wannan aiki, ko mace na iyawa?

To Hajiya, Allah Ya yi musu albarka. Difloma ba ta mayar da mutum lauya, ki gaya masa ya hana mutane kiransa da wannan suna tukuna. Amma fa karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba. In sakamakonsa ya yi kyau, kuma jami'ar da yake so tana karɓar diflomar makarantarsu, yana iya neman shiga kai-tsaye ta hannun JAMB, a sa shi aji biyu, ya yi shekara huɗu maimakon biyar. Yana kuma iya neman aiki a kotu, kamar akawu ko magatakarda.

A nan ya kamata mu bambanta lauya da alƙalin shari'ar Musulunci, don mutane na haɗa su. Ƙasar nan ta san alƙalai tun kafin zuwan Turawa, kuma a 1934 an buɗe makarantar koyon alƙalanci a Kano, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Har yau hanyar nan tana nan. Tsarin Mulki na 1999 ya yarda a naɗa mutum Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ko da ba lauya ba ne, muddin yana da shaidar ilmin shari'ar Musulunci daga makarantar da aka amince da ita, ya riƙe ta shekara goma, kuma ya goge a aikin ko ya shahara a malanta. Alƙalin Babbar Kotu kuwa tilas ya zama lauya na aƙalla shekara goma.

Batun 'yarki, mace na iyawa ƙwarai. Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar, 'yar Arewa ce, ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, ita ce mace ta farko a kanta. Kuma wasiƙarki ta zo a kan kari, domin baɗi ne yarinyar za ta shiga babbar sakandare, inda ake raba yara ajin kimiyya da ajin adabi da na kasuwanci. Ki je da kanki ko ki tura yayanta, a tabbata an sa ta ajin adabi, kuma makarantar tana da malamin Litireca. Yara da yawa sai sun zo cika fom ɗin JAMB suke gane ba su yi darasin da ake nema ba, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya ya rubuto mana, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za a iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.