Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Iri Da Ƙasar Da Ta Gaji

 An umurce ni in yi muku bayani a kan abin da ya shafi rumbun kowane talaka da ke ƙarƙashinku, watau dalilin da ya sa wani iri ke jure wa ƙasar da ta gaji, wani kuwa ya kasa.

Kun sha gani a wajen rangadi, gonaki biyu gab da juna, jigawa ɗaya, ruwan sama ɗaya, babu wadda ta sami taki, amma dawar wannan ta fid da kai, ta waccan ta tsumbure. Sau da yawa bambancin yana cikin irin ne. A cikin kowace tsaba akwai waɗansu abubuwa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, masu ilmi suna kiransu ƙwayoyin gado. Su ne ke kai halin uwa ga 'ya'ya, kamar tsawon kara, da launin tsaba, har da yadda saiwa za ta nemi abinci.

Cikin abincin shuka akwai fosfaras, wanda ake samu a takin sufa. Ƙasarmu ba ta da shi da yawa, ga shi kuma ba ya tafiya cikin ƙasa, sai saiwa ta je inda yake. A shekarar 1866 ne Gregor Mendel ya bayyana ƙa'idar gado a shuka, amma sai a zamanin nan aka iya nuna ƙwayar da ke taimakon saiwa wajen wannan nema. A 2012 masu binciken shinkafa a ƙasar Filifin, tare da na Japan, suka ba da labarin wata ƙwayar gado mai suna PSTOL1. Sun same ta a cikin Kasalat, wata tsohuwar shinkafa ta manoman Indiya wadda ba ta da yawan amfani. Aikin ƙwayar shi ne ta sa saiwa ta yawaita tun shuka tana ƙarama, ta tattaro ɗan fosfaras ɗin da ke warwatse. Da yawa daga cikin sababbin irin shinkafa ba su da ita, sai da aka haɗa su da Kasalat ta hanyar barbarar fure suka gaje ta.

To, bari mu dawo ga dawarmu. Idan fosfaras ya yi ƙaranci, saiwar dawa takan fid da wani ruwa domin ta kira waɗansu halittu masu zare-zare, dangin naman kaza, su taya ta jawo abinci. Abin baƙin ciki, wannan ruwan ne ke ta da 'ya'yan wuta-wuta, waɗanda ke iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Shi ya sa ta fi ɓarna a gonar da ta gaji. A 2017 Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, da abokan aikinsa a jami'ar Purdue ta Amurka suka bayyana ƙwayar gado mai suna LGS1. Dawar da ta gaji wani kamanni nata takan fid da ruwan da ba ya ta da wuta-wuta sosai.

Saboda haka ina roƙonku abu 3. Na fari, kada a bar tsohon iri ya ɓace don sabo ya zo, gama ba a san wace baiwa ke ɓoye cikinsa ba. Na biyu, ku malamai ku rubuta sunan kowane irin da ke yin kyau a gona mai rauni, da ƙauyen da ake shuka shi, ku ba malamin gona ya kai labari ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. Na uku, ku gargaɗi talakawa cewa iri mai kyau ba ya ɗauke wa manomi zuba taki. Saiwa tana ɗiban abin da ke cikin ƙasa ne kawai, in ba a mayar ba zai ƙare. A ci gaba da kai takin gida da na sufa, a riƙa juya shuka da wake ko gyaɗa.

Iyakar jawabina ke nan.