Yadda Za Mu Gane Koyarwar Ƙarya



A kwanakin nan masu wa'azi iri-iri suna shigowa ƙauyukanmu, waɗansu kuma ta waya suke samun 'ya'yanmu. Suna sayar da man shafewa da ruwan albarka, suna cewa sai an shuka irin kuɗi kafin Allah ya ji addu'a. Mun ga gwauruwa ta sayar da akuyarta don kwalbar mai guda. Mu kuwa ba mu da yawa a inda muke zaune. In ikilisiya mai mutum 40 ta rabu biyu, me ya rage?

Wannan ciniki ba sabo ba ne. A 1517, a Wittenberg ta ƙasar Jamus, Martin Luther ya rubuta batutuwa 95 yana ƙin sayar da takardun yafe hukuncin zunubi. Abin da masu gyaran ikilisiya suka tsaya a kai, shi ne ma'auninmu har yau.

Na fari, Littafi Mai Tsarki kaɗai ne ke yanke magana, ba mafarki ko wahayin wani ba. Mutanen Biriya sun gwada wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Tun 1932 muna da Littafin gaba ɗaya da Hausa, saboda haka ba mu da hujja.

Na biyu, ceto ta wurin alheri ne kaɗai, ta bangaskiya kaɗai (Afisawa 2:8-9). Bitrus ya tsawata wa Siman sa'ad da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Baikonmu godiya ce, ba farashin albarka ba.

Na uku, Almasihu kaɗai ne matsakanci (1 Timoti 2:5). Duk wanda ya ce sai ta hannunsa za mu kai ga Allah, ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

Na huɗu, ɗaukaka ta Allah ce kaɗai. Bayan taro mu lura, sunan wa mutane ke yabo?

Dattawa, kada ku ba baƙo bagadi sai kun san ikilisiyar da ta aiko shi. Wanda kuma aka ruɗe shi a cikinmu, mu bi shi gida da tawali'u, mu buɗe Littafi tare da shi, kada mu kunyata shi a gaban jama'a.

Ubangiji ya kiyaye garkensa. Amin.