SAƁANIN MAFITAR WATA: INA GASKIYARSA, INA IYAKARSA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya wa wata masaukai domin mu san lissafi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, mu mutanen Babban Mutum mas'alar tsayuwar wata ta shafe mu fiye da mutanen Kano ko Zariya, domin a bakin iyaka muke, danginmu suna Magarya, kuma sau da yawa su wayi gari da Sallah alhali mu muna ɗauke da azumi. Da an yi tambaya sai a ce saɓanin mafita ne. To, ya kamata mu san abin da kalmar take nufi.

Wata guda ɗaya ne, amma ba kama ɗaya yake bayyana ga mutanen duniya ba. Mu nan muna ganin jinjirin wata kusan a kwance kamar ƙwarya, ƙahonninsa suna kallon sama. Mutumin Ingila yakan gan shi a jingine, haskensa a gefen dama, na Afirka ta Kudu kuwa haskensa a gefen hagu. Bambancin wurin tsayuwar mai kallo ne a bayan ƙasa, ba alamar fari ko damina ba ce.

Abin da ya shafi ibada shi ne lokaci. Wata yana cika zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44, kuma bayan ya haɗu da rana yakan nisance ta da kimanin rabin daraja a kowace awa, ido kuwa ba ya kama shi sai tazarar ta kai daraja 7 ko fiye. Rana tana faɗuwa a ƙasar Daura kimanin awa 2 bayan ta faɗi a Makka, saboda haka mu da ke yamma za mu iya ganin watan da ya ɓuya ga mutanen Hijaz, in hazo bai tare mu ba.

Shari'a ta san da wannan. Muslim ya ruwaito cewa Kuraibu ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, mutanen Madina suka gan shi daren Asabar, Ibnu Abbas (RA) kuma ya tsaya a kan ganin Madina. Da wannan Shafi'iyya suka kafa hujja. Mashhurin mazhabar Malik shi ne gani ya tabbata a kan kowa, sai dai Ibnu Abdil Barri ya togace ƙasashe masu nisa ƙwarai, kamar Andalus da Khurasan.

To, shin tsakanin Babban Mutum da Magarya akwai nisan Andalus da Khurasan? Mafitarmu ɗaya ce, iyakar Turawa ba ta raba sararin sama ba. Idan muka saɓa, shaida ce ta saɓa. A shekarar 2022 Nijar ta yi Sallah ranar Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya ta yi ranar Litinin. A daren Asabar ɗin nan wata bai haɗu da rana ba sai wajen ƙarfe 9:30 na dare agogonmu, kusan awa 3 bayan magariba, har aka ga husufin rana a ƙasar Cile a daidai lokacin. Me aka gani ke nan da magariba? Ba mu tuhumar kowa da ƙarya; tauraruwa ko gefen gajimare suna ruɗin ido mai gaskiya. Imam Subki, wanda ya rasu a 756 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa ana mayar da shaidar da lissafi tabbatacce ya nuna ba ta yiwuwa.

Haka nan masu cewa wata ya yi girma, lalle na kwana biyu ne: Ibnu Abbas ya kore wannan zato a wani hadisin na Muslim, kuma watan da ya ɓuya jiya dole ya fito yau da kauri.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa mu fita duban wata da kanmu a kowane 29 ga wata, ba Sha'aban da Ramadan kaɗai ba, domin ido ya saba. Wanda ya gani ya kai shaidarsa ga hakimi, a isar da ita fadar Daura, daga nan zuwa ga Sarkin Musulmi, mu jira sanarwa. Wanda kuma Sallah ta riske shi a Magarya, ya yi ta tare da mutanen Magarya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.