Lasifikar Wuya da Haƙƙin Kunne



Mu mutanen ƙasar Birnin Kudu ba baƙin sauti ba ne. A shekarar 1955 Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun nan namu masu amo, waɗanda in an buga su sai su yi ƙara kamar kuge. Sautin kakanninmu na kowa da kowa ne. Haka ma lasifikar mai tallan magani a Wurno ko Gwaram, ba ta tambayar wanda ke son ji.

Da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979, sai al'amari ya juya, kowa ya toshe kunnuwansa da nasa sautin. Ga ɗan acaɓa a kan titi, waya a kunne, mota na yi masa oda bai ji ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedin cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara.

To, masana sun nemi hanya ta tsakiya, wato ƙananan lasifikoki da ake ratayawa a wuya ko a dasa a jikin tabarau, kamar waɗanda kamfanin Bose ya fitar a 2017 da 2019. Sauti igiya ce, tamkar wadda ke tashi idan an jefa tsakuwa a tafki. In an jera lasifikoki, aka tsara lokacin fitar sautin kowace, igiyoyin sukan ƙarfafa juna wajen kunnen mai su, su raunana juna a sauran wurare. Ka ji karatunka, ka ji sallamar maƙwabci, shi kuwa ba ka dame shi ba.

Amma kada mu ruɗu. Sautin kan ɗan tsiyaya a ɗakin da ke shiru, hayaniyar kasuwa kan danne shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi, kuma sai da caji. Ƙara in ta yi yawa, ko daga wuya ta fito, illa ce.

Don haka muna kira ga ɗaliban kimiyya da injiniya su duƙufa kan ƙera irinta mai araha, wadda hasken rana zai iya yi wa caji. Kafin nan, mu rage ƙara, mu bar kunne a buɗe in muna kan hanya. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.