Farin Sashen Ƙwaƙwalwa da Aikin Likitan Fiɗa



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wani sashe na ƙwaƙwalwa wanda ba a cika ambatarsa ba, alhali kuwa da shi likitan fiɗa yake auna inda wuƙarsa za ta bi da inda za ta kauce.

In aka tsaga ƙwaƙwalwar mutum za a tarar da launi biyu. Ɓawonta na waje ruwan toka ne, nan ne ƙwayoyin tunani da ji da motsi suke zaune. Daga ciki kuwa fari ne, domin zaruruwa ne masu ɗauke da saƙo, an naɗe kowane da wani irin kitse mai sa saƙon ya yi sauri.

Manomin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ba ita kaɗai take shayar da gonaki ba, sai da magudanai manya da ƙanana. In babbar magudana ta fashe, to, ga ruwa cike a madatsa, ga ƙasa mai kyau, amma shinkafa sai ta bushe. Haka farin sashe yake tsakanin ɓawon ƙwaƙwalwa da jiki.

Masana sun kasa zaruruwan nan gida uku. Na farko su ne masu haɗa wuri da wuri a ɓari guda, alal misali damin da ya haɗa wurin furta magana, wanda Broca ya gano a Faransa a 1861, da wurin fahimtarta, wanda Wernicke ya bayyana a Jamus a 1874. Wanda wannan dami ya tsinke masa yakan fahimci abin da aka faɗa, amma ya kasa maimaita shi daidai. Na biyu su ne masu haɗa ɓarin dama da na hagu, babbar gadarsu kuwa tana da zare wajen miliyan 200. Na uku su ne masu gangarawa zuwa laka. Waɗannan sukan taru a wani ɗan matsatsi can cikin ƙwaƙwalwa, sa'an nan mafi yawansu su tsallaka zuwa ɗaya ɓarin a wajen ƙeya. Shi ya sa ɗan jini kaɗan a matsatsin nan na dama yake shanye ɓarin jiki na hagu.

Abin da ya sa likitan fiɗa yake tsoron sashen nan shi ne, in zare ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwa ba ya sake tohowa, babu kuma allurar da za ta ɗinke shi. Ƙari kuwa sau da yawa a ƙarƙashin ɓawo yake, tilas a ratsa farin sashe kafin a kai gare shi. Saboda haka aka daɗe ana neman taswirarsa. A 1935 Klingler na birnin Basel ya ƙago dabarar daskarar da ƙwaƙwalwar mamaci, yadda za a iya ɓare zaruruwan dami-dami da ɗan tsinken katako. A 1994 kuma Basser da abokan aikinsa a Amurka suka nuna yadda na'urar hoto mai maganaɗisu za ta bi tafiyar ruwa cikin zare, har daga baya aka iya zana hanyoyin a kan mai rai. Wani lokaci ma akan yi fiɗar majiyyaci yana farke, ana taɓa wuri da ɗan lantarki yana ƙirga. In ya sarƙe, sai likita ya san ya iso iyaka.

A Nijeriya, Latunde Odeku ne ya fara wannan fanni a Ibadan a 1962. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi fice a cikinta, can ake kai da yawa daga majinyatan Zamfara.

To, a nan akwai abin lura ga masu bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato a kan babur. Faɗuwa tana jawo ta'adi iri biyu. Ɗaya shi ne jini ya taru cikin ƙoƙon kai ya danne ƙwaƙwalwa. Wannan fiɗa tana maganinsa in an yi hanzari. Don haka wanda ya bugu a ka, ya farfaɗo, sa'an nan ya shiga amai ko barci mai nauyi, kada a kwana da shi a gida. Ɗayan kuwa shi ne girgizar ta tsittsinka zaruruwan, mutum ya yi dogon suma ba tare da rauni a waje ba. Wannan kam ba aikin wuƙa ba ne, sai jinya da haƙuri.

Daga ƙarshe, abin da likita ya iya shi ne ya kiyaye hanyoyin da suka rage, ya sauke musu abin da ya danne su. Kiyaye su tun ba su taɓu ba kuwa yana wuyan mai babur da fasinjansa: hular kwano, da rage gudu. Allah Ya kiyashe mu.