Minti Uku Kafin Barci: Haƙƙin Mai Ƙiba a Ɗakin Tiyata

(Lacca da aka gabatar a gaban ma'aikatan lafiya da ɗalibai a Walia, Njamena)

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Ba zan tsaya koya muku yadda maganin sa barci ke tsayar da numfashi ba. Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Le Bon Samaritain a nan Walia ya san daga lokacin da majinyaci ya daina numfashi har a zura masa bututu a maƙogwaro, da guzurin oksijin da ke cikin huhunsa kaɗai yake rayuwa. Rigimata da wasu abokan aikina, wadda ta daɗe, a kan wannan guzuri take: nawa ne, kuma wa ya ɗauki nauyin cika shi?

Ga lissafin. Bayan baligi ya fitar da numfashi, iska kusan lita 2 da rabi takan rage a huhunsa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kusan duk sauran naitirojin ne, wanda ba ya yi wa jini komai. Jiki kuwa yana cin kimanin mililita 250 na oksijin kowane minti. Wanda aka sa barci haka kawai, cikin minti ɗaya ko biyu na'urar yatsa mai auna oksijin jini za ta fara kuka. Amma idan aka manna masa takunkumi ya shaƙi tsantsar oksijin na minti uku, an kori naitirojin, guzurin ya haura lita 2.

To, a nan ne mai ƙiba ya rabu da sauran mutane. A 1991 Jense da abokan aikinsa a Amurka suka cika huhun majinyata da oksijin, suka sa su barci, suka riƙe agogo har oksijin jini ya sauka zuwa kashi 90. Masu matsakaicin jiki sun kai daƙiƙa 364. Masu ƙiba, 247. Masu tsananin ƙiba, 163. Ku sake saurara: 364, 247, 163. Minti shida ya koma ƙasa da uku, kuma wannan bayan an yi komai yadda ya kamata ne. Lissafin da Benumof ya buga a 1997 ma haka ya nuna: lafiyayye mai kilo 70 yana da kusan minti takwas, mai kilo 127 bai cika uku ba. Dalilin a fili yake. Idan mai teɓa ya kwanta rigingine, nauyin ciki yakan danno ƙirji, barci ya saki tsokoki, sauran iskar huhu ta ragu da kusan rabi, alhali babban jiki ya fi cin oksijin. Kuma shi ne dai wanda wuyansa da harshensa sukan wahalar da mai riƙe masa takunkumi. Duk wanda ya taɓa neman maƙogwaro karo na biyu, na uku, na'ura tana ƙara a bayansa, ya san tsawon daƙiƙa 163. Yanzu ku cire minti ukun farko, ku gaya mini abin da ya rage.

Ana ce mini ƙiba matsalar Turai ce. Mai faɗin haka ya leƙa layin awon ciki a kowace unguwa ta Njamena. Mai juna biyu da ke da jiki ta haɗa abu biyu, jariri ya tura huhu sama, buƙatar oksijin ta ƙaru, ga allurar baya ba kullum take kamawa ba, sai a koma barci cikin gaggawa da tsakar dare. Ana kuma ce mini oksijin tsada. Lita 10 a minti, sau uku, lita 30 ke nan, babbar tukunya kuwa tana ɗauke da fiye da 6,000. Masu cewa tsantsar oksijin tana sa wasu sassan huhu su shafe, gaskiya ne, amma wannan ana gyara shi da jakar numfashi bayan an sa bututu. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska ba a gyara ta.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A ɗaga majinyaci. A 2005 Dixon da abokansa a Ostareliya suka ɗaga masu tsananin ƙiba da digiri 25 lokacin ba su oksijin, lokacin ya tashi daga daƙiƙa 155 zuwa 201, kuma wannan ƙarin 46 ba a saya da ko sisi ba. Gadon da ba ya ɗaguwa, a jera matasai da zannuwa ƙarƙashin kafaɗa da kai har kunne ya daidaita da saman ƙashin ƙirji. Takunkumi ya manne sosai, don idan yana yoyo, musamman ga mai gemu, iskar ɗaki ake ba mutum ana yaudarar kai. A duba agogo, kada a ƙiyasta. Idan gaggawa ta hana minti uku, dogon numfashi takwas cikin minti ɗaya, kamar yadda Baraka ya nuna a Beirut a 1999, muddin iskar na zuba da ƙarfi. A bar siririn bututun oksijin na hanci yana aiki yayin da ake neman maƙogwaro.

Ga masu riƙe da kuɗi kuma: injin tace oksijin da wuta yake aiki, halin wutar garin nan kuwa kun san shi. Kada a fara sa kowa barci sai da cikakkiyar tukunya a gefe da na'urar yatsa mai rai. Ina roƙon shugabannin ɗakunan tiyata da ke zaune a nan su rubuta wannan a takardar dubawa kafin aiki tun daga wannan mako, kuma su ba ƙaramin ma'aikaci ikon cewa a dakata idan minti ukun bai cika ba.